Kafin Ku Hau Jirgi Zuwa Zanzibar

Ƙannena, akwai wata irin tafiya da ta daɗe da zama kasuwa a Turai da Amurka, yanzu kuma tallarta ta fara shigowa wayoyinku. Kamfani ko ƙungiya za ta tara matasa, 'yan sakandare ko 'yan jami'a, a lokacin dogon hutu, ta kwashe su mako biyu ko uku zuwa wani tsibiri mai rana da itatuwan kwakwa, ko Fiji, ko Bali, ko Zanzibar. Da safe a yi aikin taimakon al'umma, a yi wa aji fenti ko a kwashe shara a bakin teku. Da la'asar a shiga kwale-kwale, a leƙa ƙarƙashin ruwa, a kutsa daji kallon birai. Ranar komawa a miƙa wa kowa takardar shaida mai ɗauke da adadin sa'o'in da ya yi yana hidima, wadda za ta yi masa ado a takardar neman jami'a ko neman aiki. Wasunku suna karatu a waje, abokansu na aji suna zuwa. Wasu iyayensu suna da halin biya. Wasu kuma wata ƙungiya ce za ta ɗauki nauyinsu.

Ba zan ce kada ku je ba. Wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi bai taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba, ya cancanci ya gani. Zan yi maganata a kan Zanzibar, domin ita ce ta fi kusa da mu, a nahiya da kuma a addini, kuma ita ce na fi zaton ƙafarku za ta taka. Abin da nake so ku riƙe shi ne matsayin da za ku shiga garin da shi. Tallar tana nuna muku cewa ku ne masu kai ɗauki. Ni kuwa cewa nake ku shiga a matsayin yaran aiki, masu miƙa kaya da tambaya, domin abin da za ku kwaso ya ninka abin da za ku bari.

Ku fara da sanin inda za ku. Zanzibar manyan tsibirai biyu ne, Unguja da Pemba, da ƙanana da yawa, a tekun Indiya daura da gaɓar Tanzaniya, kuma ƙidayar 2022 ta ba ta mutum kusan miliyan 1.9. A ƙauyen Kizimkazi, can kudancin Unguja, akwai masallacin da aka zana shekarar gininsa a bangon alƙibla: 500 bayan Hijira, wato 1107. Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya baro Maskat ya mai da Zanzibar mazauninsa a ƙarni na 19, aka cika Pemba da gonakin kanumfari, kuma da gumin bayi aka yi wannan noma. Kasuwar bayi ta birnin Zanzibar ba a rufe ta ba sai 1873, a wurinta aka gina majami'ar Angilika da ke tsaye har yau. A watan Janairun 1964 aka yi juyin juya hali mai jini wanda ya kori sarautar, a watan Afrilu kuma aka haɗe da Tanganyika, Tanzaniya ta samu. Tsohon birnin, mai lunguna da ƙofofin katako masu sassaƙa, hukumar UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Mutanen da kakanninsu suka gina masallacin dutse shekara 900 da suka wuce ba zaman jiran ɗan shekara 17 suke yi ya zo ya nuna musu yadda ake ɗora bulo ba.

Wata Ba'amurkiya mai suna Pippa Biddle ta ba da labarin kanta a wani rubutu da ya zagaya duniya a 2014. Tana 'yar sakandare makarantarsu ta kai su Tanzaniya, kowace ta biya dala 3,000, aka ce su gina ɗakin karatu a wani gidan marayu, sannan su yi mako guda suna yawon kallon namun daji. Kullum sai su wuni suna kwaɓa siminti suna jera bulo. Ashe ginin nasu ba ya tsayuwa. Da dare maginan garin kan zo su warware abin da 'yan matan suka ɗora, su sake ginawa daidai, don kada baƙi su tashi da safe su ji kunya. Ita da kanta ta ce da kuɗinsu aka ɗauka aka ba maginan tun farko, da aikin ya fi sauri, ya fi arha. Ku lura da wanda ya yi wa wani hidima a wannan labari. Birkilan da ya hana idonsa barci don ya rufa wa baƙuwa asiri, shi ne ya yi aikin sa-kai, kuma babu wanda ya ba shi takardar shaida.

Mu da muka san gayya bai kamata a yaudare mu da wannan ba. A gayya mai gona ne yake kira. Shi ya san inda ciyawa ta fi ƙarfinsa, shi yake sa rana, waɗanda suka zo kuma sun iya riƙe fartanya, ba ranar suka fara ganinta ba. Babu wanda yake tashi daga wani gari ya faɗa gonar mutum da noma ba a gayyace shi ba, ya tumɓuke dawa ya bar ƙuduji, sannan ya tsaya a yi masa godiya. Don haka kafin ku biya ko sisi, ku tambayi masu shirya tafiyar wa ya kira wannan gayya. A Zanzibar kowace unguwa da ƙauye tana da mai unguwa da suke kira sheha. Ya san da aikin? Kwamitin makarantar ne ya ce fenti yake buƙata, ko kuwa fenti ne ya fi kyau a hoto alhali rufin ajin yana yoyo? Wane ɗan gari ne shugaban aikin, kuma ana biyansa? Daga cikin kuɗin da kuka bayar, nawa ne ke sauka a ƙauyen, nawa ke tsayawa a ofishin kamfani a Landan? In sun tafi da ku, wa zai ci gaba? Ƙungiyar kirki tana jin daɗin waɗannan tambayoyi, ta amsa su da sunaye da lissafi. Wadda ta fara kame-kame, tana turo muku hotunan yara suna dariya maimakon amsa, ku riƙe kuɗinku.

Maganar yara ita ce ta fi damuna. Duk tafiyar da aka ce za ku yi mako biyu a gidan marayu kuna rungumar yara, ku ƙi ta. Masu aikin kare yara, ciki har da ƙungiyar Lumos, sun daɗe suna nuna cewa mafi yawan yaran da ke irin waɗannan gidaje a duniya, kusan 80 cikin 100, suna da uwa ko uba a raye. Talauci ne ya raba su. A ƙasashe kamar Kambodiya da Nepal an ga yadda kuɗin baƙi ya sa aka riƙa buɗe gidajen ana cika su da yaran da aka karɓo daga iyayensu, har ƙasar Ostireliya ta ɗauki wannan a matsayin wani nau'i na bautar zamani a 2018. Ko da gidan na gaskiya ne, yaron da ya saba da fuska yau, ta ɓace bayan kwana goma, wata ta zo ta sake ɓacewa, ana yi masa rauni ne a hankali. Koyarwa ma haka take. In ba ku taɓa riƙe aji ba, ku zauna a gefen malamin ajin, ku taimaka da duba littattafai da hirar Turanci, kada ku karɓi alli daga hannunsa.

Sai kyamara. A nan kuna da wani ilimi da ɗan Landan ba shi da shi, domin mu an ɗauke mu hoto. Kun ga baƙo ya tsayar da mota ya ɗauki almajiri da robarsa, ko ya shiga sansanin 'yan gudun hijira ya ɗauki uwa da ɗanta mai tamowa, ba sallama, ba neman izini, aka baza a duniya da sunan tausayi. Kun san ɗacin da kuka ji. To, wannan ɗacin ku tuna da shi ranar da wayarku ke hannu, yaran ƙauyen Jambiani suna bin ku a guje. Baƙin fatarku ba lasisi ba ne. A idon mai kamun kifin da ke gyaran komarsa, wanda ya sauka daga jirgin sama da takalmin dubu ɗari baƙo ne mai kuɗi, ko daga Zariya ya fito. Ku nemi izini, ku nuna wa mutum hoton, in ya ce a goge ku goge. Ɗan wani kuwa, in babu yardar iyayensa, kada ya hau Instagram ɗinku.

To wane aiki ne ya dace da hannun baƙo? Wanda yake buƙatar ƙarfi da yawan hannu, ba gwaninta ba, kuma ɗan gari ke jan ragamarsa. Kwashe robobi a bakin teku, dashen mikoko, wato itatuwan nan da ke tsirowa cikin laka da ruwan gishiri suna riƙe gaɓa kada teku ta cinye ta, ɗaukar yashi da ruwa ga magini. Wanda na fi so ku nema shi ne aikin matan gabashin Unguja, a Paje da Jambiani, masu noman ciyawar teku. An kawo irin daga Filifin a 1989, mata suka rungumi sana'ar tun da maza suna can wajen kamun kifi. In teku ta janye sai su shiga da zannuwansu, ruwa iya gwiwa ko ƙasa da haka, su kafa turaku cikin yashi, su ja igiya tsakani, su ɗaɗɗaure 'yan reshen ciyawar a jiki da zaren leda, tazara-tazara. Bayan kamar mako shida su kwance, su cusa a buhu, su ɗauko a ka ruwa yana zuba musu a wuya, su shanya a rana har ta bushe ta canza launi. Daga jikinta ake fitar da sinadarin da ke sa man goge baki da askirim kauri a masana'antun ƙetare, amma abin da ake biyan matan a kan kilo bai taka kara ya karya ba. Ga shi ruwan gaɓar yana ƙara ɗumi, irin da ya fi tsada yana ruɓewa a kan igiya, har masana irin su Dakta Flower Msuya suna ta neman hanyar da za a mai da noman cikin ruwa mai zurfi. Nan kuma wata matsalar ta taso, domin yawancin matan ba su iya iyo ba. Ku yi safiya ɗaya a sunkuye kusa da ɗaya daga cikinsu, gishiri yana cin yatsunku, rana tana dukan ƙeyarku, bayanku yana neman tsagewa. Igiyar da za ku ɗaure ba za ta kai rabin tata ba. Amma daga ranar, in aka ce sauyin yanayi, ba za ku ƙara jin sa kamar darasin jarrabawa ba.

In hanya ta kai ku Pemba, ku tambayi labarin ƙaramin tsibirin Misali. Masu kamun kifi sun riƙa jefa nakiya cikin ruwa, kifi ya taso a mace, murjanin da kifin ke haihuwa a ciki ya farfashe. Doka ta hana, ba a daina ba. Daga ƙarshen shekarun 1990 wata ƙungiyar Musulmi masu kula da muhalli daga Birmingham, wadda Fazlun Khalid ya kafa, tare da ƙungiyar CARE, suka zauna da limamai da malaman islamiyya da masuntan kansu, aka koma ga abin da Alƙur'ani ya ce a kan amanar da aka ɗora wa ɗan Adam da haramcin ɓarna a ban ƙasa. Abin da jami'in gwamnati ya kasa, huɗubar liman ta yi tasiri a kansa. Baƙi sun taka rawa a wannan aiki, amma dubi irin rawar: sun zo da tambaya, suka bar magana a bakin waɗanda garin ke saurara.

Yanzu ga ɓangaren da kuka fi ɗoki, kuma wanda ya fi ba ni tsoro. Mu mutanen tudu ne. In ka cire Kabawa da Sarkawa da sauran mazauna bakin kogi, yawancinmu iyonmu bai wuce na kududdufi ba, wasu ko shi babu. Teku kuwa ba ta san kunya ba. A gabashin Unguja takan janye har ka yi tafiya mai nisa a kan yashi kana tsintar kwanson kifi, sannan ta dawo, sau biyu a yini da dare, kuma dawowarta ta fi saurin mai tafiya cikin ruwa. Kafin ku taka, ku tambayi ɗan gari yaushe ruwa zai cika. Ku sa takalmin roba, saboda akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke kwance tsakanin duwatsu, in ta soki tafin ƙafa ƙayar karyewa take a ciki. Watannin hutunku, Yuli da Agusta, lokacin iskar kudu ne da suke kira kusi; babu zafi sosai, ruwan sama kaɗan ne, amma teku tana da hauka, shi ya sa masu wasan lilo da iska a kan ruwa ke cika Paje a lokacin.

In ba ka iya iyo ba, faɗi da bakinka tun a tudu. Na san halin samari, kowa ya yi tsalle ya faɗa ruwa, kai kaɗai a cikin jirgi, 'yan mata suna kallo. Gara a yi maka dariya. Rigar kariya daga nutsewa kuwa a jiki ake sa ta, a ɗaure igiyoyinta, ba a zauna a kanta ba. Kwale-kwalen da babu ita, ko wanda aka cika har ruwa yana lasar bakinsa, ku sauka ko da kun biya. Zanzibar ta san wannan makoki. Ranar 10 ga Satumba 2011 jirgin Spice Islander, wanda aka yi wa lodin da ya wuce kima, ya kife tsakanin Unguja da Pemba, ɗaruruwan mutane suka halaka. Shekara ba ta cika ba, a Yulin 2012, jirgin Skagit ya nutse a hanyarsa daga Darussalam. Mu ma kusan kowace damina sai mun ji irin wannan a kogin Kwara, daga Kebbi zuwa Neja. Ƙannena mata, kada a ce muku sutura ta hana koyon iyo: a ƙauyen Nungwi akwai shirin Panje, inda mata ke koya wa mata iyo sanye da rigar da ta rufe jiki duka har kai. Mafi kyau ma ku fara koyo tun a gida, watanni kafin tafiya.

Dabbobi ba zan daɗe a kansu ba. A dajin Jozani akwai jan birin da babu irinsa a ko'ina sai Zanzibar. A kalle shi daga nesa, ba a ba shi abinci. A Kizimkazi wasu masu kwale-kwale suna bin kifin dolfin a guje da inji don baƙi su faɗa kansu, kuma kuɗinku ne ke sa su. Ku zaɓi mai jirgin da ke kashe inji ya jira. Murjani halitta ce mai rai, mai jinkirin girma ƙwarai. Taku ɗaya na mai neman wurin tsayawa yana karya abin da ya yi shekaru yana tsirowa.

Samun kanku cikin Musulmi zai sa ku saki jiki, kuma da gaskiyarku: za ku ji kiran salla, ba za ku yi fargabar nama ba. Sai dai kada sabo ya zama rainin wayo. Yawancinsu Shafi'awa ne, akwai kuma 'yan Ibadiyya. Za ku ji liman ya bayyana bisimilla kafin Fatiha, ya yi alƙunutun asuba a bayyane bayan ruku'u, hannaye a sama. Ku bi liman, ba gyara aka kira ku ba. Babba ana gaishe shi da shikamoo, ya amsa da marahaba, kuma gaisuwa a can ba a yi mata gaggawa, kamar dai a gida. Agogonsu na baka yana farawa ne daga fitowar rana, saboda haka in mai jirgi ya ce ku haɗu ƙarfe ɗaya na safe, bakwai yake nufi. Ku tabbatar kafin ku kwanta. Abokan tafiyarku Turawa wataƙila za su ratsa ƙauye da kayan wanka, ku da kuka san nauyin abin ku ja su gefe ku gaya musu cikin lumana. Ruwan daɗi kuma yana da wuya a ƙauyukan gaɓa, rijiyoyi suna yin gishiri, otal-otal suna zuƙar kaso mai yawa. Wanka da bokiti ɗaya ba baƙon abu ba ne a wurinku, kada ku manta da shi don kun ga famfo.

Takardu a taƙaice. Mai fasfon Najeriya ko Nijar yana cikin waɗanda Tanzaniya ke so su nemi biza tun daga gida a jira amincewa, ba a filin jirgi ba, kuma tana ɗaukar lokaci. Ku tafi da katin allurar shawara. Tun daga Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi sayen inshorarta ta dala 44. Bizar yawon buɗe ido ba izinin aiki ba ce, ko da aikin na kyauta ne, don haka ƙungiyar ta gaya muku a rubuce wace takarda za ku shiga da ita. Ku ga likita a kan maganin zazzaɓin cizon sauro, ku bar wa iyaye lambar wani babba da ke tare da ku, kuma fasfonku kada ya kwana a hannun kowa.

Akwai abin da ke faruwa a kwanakin ƙarshe wanda tallar ba ta ambata. Zuciya ta yi laushi, an saba, sai baki ya fara zuba: zan aiko maka da waya, zan biya wa ƙanwarka kuɗin makaranta, baɗi war haka ina nan. Kai kana faɗa ne don daɗin rabuwa, shi kuwa ya rubuta a ransa, ya gaya wa mahaifiyarsa. Watanni uku bayan haka saƙonsa yana shigowa WhatsApp kana kauda kai. Kada ku ɗauki alkawarin da kuɗin aljihunku na ɗalibi ba zai iya cikawa ba. In kuna son bayarwa, ku tambayi shugaban makarantar ko shugabar ƙungiyar matan abin da ya ƙare musu, igiya ce ko alli ko takalman roba, ku saya a kantin garin, ku damƙa a hannunsu a gaban shaida. Rabon alawa da kuɗi ga yara a titi kuwa koya musu bin baƙo da miƙa hannu ne, kuma iyayensu ba sa so. Kayan aikin da aka saya da kuɗinku, shebur da baro da ragowar fenti, ku tabbatar an rubuta su an miƙa wa kwamitin ƙauyen, ba a mai da su sito a jira rukunin baƙi na gaba ba.